Sammako huɗu a Tawa kafin in samu hoton tauraruwa mai wutsiya

A ƙarshen watan Satumba na 2024 hotuna suka fara yawo a Facebook, na wata tauraruwa mai doguwar wutsiya da ake gani da asuba. Ni malamin makaranta ne, kuma a shekarar an ɗage komawa aji zuwa ƙarshen Oktoba saboda ambaliyar da damina ta yi, don haka ina da lokaci a hannu. Da na faɗa wa Inna cewa zan fita nemanta, sai ta ajiye ludayin da ke hannunta ta ce, "Kai ɗan nan, mi kake biɗa gare ta? Tauraruwa mai wutsiya ganinki ba alheri ba." Na yi dariya na ce ai ƙanƙara ce da ƙura kawai. Ta ce to Allah shi kiyaye. Abin da ya biyo baya ya ci mini kwana shida da kusan jika tara, kuma rabin wahalar rashin sani ne ya jawo ta.

Fitar farko, ranar Laraba 25 ga Satumba, ban tambayi kowa ba. Na ji an ce gabas kuma kafin asuba, sai na tashi ƙarfe 3 da rabi na hau soron gidanmu da waya a hannu. Na fuskanci inda muke fuskanta in za mu yi salla, domin mu nan in aka ce gabas alƙibla ake nufi. Wata na sama ya kusa rabi, kaza da ƴaƴanta na bisa kaina, ga wata tauraruwa mai tsananin haske tana ƙyalli ta hannun dama. Na ɗauke ta hoto ya fi ashirin, ina ta ƙura ido har na fara ganin wutsiyar da babu ita. Daga baya na gane Shi'ira ce, wadda aka ambata a cikin Suratun Najmi, kuma kowace shekara tana nan. Sauro ya yi mini kaca-kaca, na sauko da aka kira salla na tafi masallaci. Wato na bar soron daidai lokacin da abin da nake nema ya fara fitowa.

Da rana na sayi intanet na ɗari biyar na zauna na karanta yadda ya kamata. Sunanta C/2023 A3, ana kuma ce mata Tsuchinshan-ATLAS, saboda wurare biyu suka gano ta: cibiyar binciken taurari ta Tsuchinshan da ke ƙasar Sin a watan Janairu na 2023, sai na'urar hangen nesa ta ATLAS da ke Afirka ta Kudu a watan Fabrairu. Dunƙulen ƙanƙara ne da ƙura da ya taso daga can ƙarshen yankin da rana ke riƙe da shi. In ya matso kusa da rana sai zafi ya sa ƙanƙarar ta zama tururi, ƙurar ta saki, haske da iskar rana su tura ta baya. Shi ya sa wutsiyar kullum tana juya wa rana baya, ko ta ina tauraruwar ta dosa. Ranar 27 ga Satumba za ta fi kusantar rana, da tazarar kilomita miliyan 58 ko kusa da haka, mu kuwa muna miliyan 150 daga rana. Abin da ya fi amfanata shi ne manhajar Stellarium, mai nuna inda kowane tauraro yake a kowane lokaci, da na saka a waya. Na sa mata Tawa, na tura agogonta gaba, sai na ga kuskurena guda biyu ƙarara. Tauraruwar ba ta ɓullowa sai wajen ƙarfe 5 da minti 10, rana kuma na fitowa wajen 6 da rabi. Sannan alƙiblar Tawa ta karkata arewa da ainihin gabas sosai, ita kuwa tauraruwar tana kudu da gabas kaɗan. In ka tsaya kamar za ka ta da salla, sai ka miƙe hannu ka auna dunƙulen hannu biyu da rabi zuwa dama. Ni kuwa a daren can ko da na jira, itacen dogon yaron maƙwabta ne ya tsaya a wurin.

Wayata ba ta da ƙarfin ɗaukar dare, don haka ranar Alhamis na je wajen wani mai hoton buki da ke unguwarmu, wanda ƙanensa ya yi aji wurina. Na same shi yana aikin hotunan suna, na jira shi kusan awa biyu. Da na gaya masa buƙatata ya dube ni ya ce, "Mushe, tauraro kuma? Shi ma buki zai yi?" Bai so ba da kyamarar ba, kuma ban ga laifinsa ba, da ita yake ci da iyalinsa. Muka daidaita a kan tsohuwar Canon ɗinsa da ya daina fita da ita, da gilashi mai milimita 50, da ƙafar kyamara mai ƙafa uku wadda ɗaya ƙafar an ɗaure ta da roba. Jika ɗaya kowace fita, in dawo da kaya kafin ƙarfe 9 na safe. Ya ce in bar masa katin ɗan ƙasa a matsayin jingina, na ce wannan kam ba zai yiwu ba tunda da dare zan fita gari, sai na bar masa katin aikina. Wannan gardamar ta cece ni washegari. Ya nuna mini yadda ake juya kyamarar zuwa M, wato saitin hannu, da inda ake canza ISO, wato ƙarfin kama haske, da daɗewar buɗewa, wato daƙiƙoƙin da kyamara ke yi tana ɗibar haske, amma shi kansa bai taɓa ɗaukar sama ba, ya ce in je in gwada sa'ata.

Ranar Juma'a 27 na ta da ƙanena ƙarfe 4 da kwata, muka hau moto muka nufi gonar kawunmu da ke bayan gari ta gabas, wajen hanyar Agadas. Mai na jika ɗaya na zuba tun daren. A bakin gari masu tsaro suka haska mu. Mutum biyu a kan moto da tsakar dare, da wani dogon abu naɗe a cikin zane, ai dole a tambaye su. Suka ce mu kwance kayan, muka kwance. Na ba da katina, ƙanena ya ba da nasa, na buɗe wayar na nuna musu tauraruwar a cikin manhajar. Babban cikinsu ya daɗe yana kallo, ya ce shi ma ya ji labarinta a rediyo, sannan ya ja mini kunne cewa kada in kuskura in juya kyamara wajen filin jirgi ko wani wurin sojoji, ko da rana balle da dare. Muka yi godiya muka wuce, amma minti 20 sun tafi. Da muka isa gonar sai na ga abin da ban yi tunaninsa ba ko kaɗan, ni da aka haifa a Adar: hatsi ya nuna, kara ya fi ni tsawo, ko ta ina na juya zangarniya ce ta tare ni. Muka kutsa muna neman fili, raɓa ta jiƙe mu har gwiwa, ƙanena na ta faɗin a kula da maciji. Da muka samu wani ɗan fako, can ƙasan gabas hadari ne baƙi ƙirin yana walƙiya. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, daidai inda tauraruwar take. Sama gaba ɗaya tas, sai wannan ɗan zirin da muke buƙata. Muka yi salla a fakon muka dawo gida ba mu ce wa juna uffan ba.

A nan ne na fahimci aikin rana ne ya kamata in fara yi. Ranar Asabar da hantsi na koma ni kaɗai, na gaida kawu, na gaya masa abin da nake nema. Ya ce, "In fili kaka so, hau tudu." Ya haɗa ni da yaronsa ya kai ni wani tudun marmara da ke bayan gonakin, irin waɗanda suka cika ƙasar Adar, samansa shimfiɗe kamar faifai, babu komai sai tsakuwa da ƴan geza. Daga can gabas a buɗe take har inda ido ya ƙare, hasken gari kuma yana bayana. Yaron ya nuna mini inda rana ke fito musu a kwanakin, wajen wani gawo da ke tsaye shi kaɗai. A ƙarshen Satumba rana tana fitowa kusan daidai ainihin gabas, don haka gawon ya zama alamata, na san tauraruwar za ta ɓullo dama da shi kaɗan. Na jera duwatsu uku inda ƙafafun kyamara za su zauna, na kuma lura da hanyar da moto zai iya hawa. Kafin in tafi kawu ya kai ni wajen mai gari muka gaisa, na ajiye goro na ɗari biyar, aka sanar da mutane cewa in sun ga fitila a kan tudu da asuba ɗan wane ne, ba ɓarawon hatsi ba. Lokacin kaka ne, mutane na kwana da kunne ɗaya a gona. Wani dattijo a zauren ya ce shi ya ga irinta lokacin yana da ƙarfinsa, ta yi watanni tana fitowa. Da muka lissafa shekarun sai na ga ta 1997 yake nufi, wadda ake kira Hale-Bopp.

Lahadi 29 muka fito tun ƙarfe 4, masu tsaron suka gane mu suka ɗaga mana hannu bayan sun duba kati. Muka hau tudu, na kafa kyamara a kan duwatsuna. Alfijir na ketowa wajen 5 da minti 20 muka yi salla da butar da muka zo da ita, muka juyo. Ban ga komai ba. Ƙanena ne ya ce, "Yaya, dubi can, kamar hayaƙi." Na duba inda yake nunawa ban gani ba, sai da na kawar da idona gefe kaɗan sannan ta bayyana, ɗan ɗigo mai dishi-dishi da wani siririn fari ya miƙe sama daga kansa, kamar an goga alli a allo an share da hannu. Gaskiya jikina ya yi sanyi iri biyu. Na yi murna, amma kuma na ce wannan ce duk abin da ake ta yayatawa? Wanda ya saba da hotunan Facebook zai iya kallonta ya wuce bai san ya gan ta ba. Kuma ba ta gudu. Da yawa suna zaton za ta tsaga sama kamar tauraron da ke faɗowa, alhali tsaye take, tana hawa a hankali tare da sauran taurari.

Hoton kuwa ranar ya ƙi. Na danna, gilashin ya yi ta kai da komo yana ƙara yana neman abin da zai kama, ya ƙi ɗauka. Na kunna tocila don in ga maɓallan, hasken ya kashe mini ido, tauraruwar ta ɓace mini na wasu mintuna. Da na samu ya ɗauka, taurarin suka fito kamar ƙosai, manya kuma dishi-dishi. Na sake, hannuna ya girgiza kyamarar, suka fito kamar tsutsotsi. Can na lura duk hoton ya yi hazo, na shafa gilashin na ji shi jiƙe da raɓa. Kafin in goge in gyara, gabas ta yi ja, ƙarfe 6 saura minti biyar babu ita babu alamarta. Duka-duka abin bai wuce minti 20 zuwa 25 ba, kuma ba ta taɓa hawa sama da dunƙulen hannu guda daga ƙasa ba kafin haske ya cinye ta. Na mayar da kaya na biya jika ta biyu, mai hoton ya duba abin da na ɗauko ya yi ta dariya har da riƙe ciki.

Amma shi ne ya warware mini matsalar. Ya nuna mini ɗan maɓallin da ke jikin gilashin, ya ce in mayar da shi daga AF zuwa MF, in daidaita da hannuna. Na roƙe shi ya bar mini kyamarar ta kwana wurina, ya yarda da ƙarin ɗari biyar. Daren nan bayan lisha na zauna a tsakar gida ina gwaji da taurari har na iya. Ga yadda ake yi: ka nufi tauraro mai haske, ka kunna allon bayan kyamara, ka ƙara girman hoton sau 10, ka murɗa zoben gilashin a hankali har tauraron ya zama ɗigo mafi ƙanƙanta, sai ka manne zoben da salatif kada ya motsa. Ka sa kyamara ta jira daƙiƙa 2 bayan ka danna, don girgizar hannunka ta lafa. Daɗewar buɗewa kuma tana da iyaka, domin duniya na juyawa, in ka daɗe taurari za su ja layi. Masu wannan aiki suna raba 500 da tsawon gilashi, a irin wannan kyamarar kuma gilashi mai 50 yana aiki kamar mai 80, ka ga daƙiƙa 6 ke nan iyaka. Ni na tsaya a 2 zuwa 3. Na koyi wurin kowane maɓalli da lalube, ido a rufe. Tocilar na rufe bakinta da jar leda ninki biyu, saboda jan haske bai cika kashe ido ba, kuma ido na buƙatar kamar minti 20 a duhu kafin ya buɗe sosai. Na cika batir, na share katin ajiya, na yanke ƙafar tsohuwar safa na zura wa gilashin don raɓa.

Litinin 30 ga Satumba muna kan tudu ƙarfe 4 da rabi. Iska na kaɗawa da ɗan sanyi, ƙanshin hatsi na tasowa daga ƙasa, jakuna na kuka a ƙauye. Shi'irar da ta yaudare ni ranar farko ita na yi amfani da ita na daidaita gilashi, na manne, na juya kyamara wajen gawo na rufe ta da rawani. Siririn wata ya fito ta hagu, kamar yankan farce. Muka yi salla da shigar lokaci. Ƙarfe 5 da minti 32 na cire rawanin, na sa ISO 1600, bakin gilashi a buɗe sosai kan lamba 2.8, daƙiƙa 3, na danna na janye hannu. Da allon ya haska sai da na ce Allahu akbar da ƙarfi. Ga kan tauraruwar fari sol, ga wutsiya ta miƙe sama ta ɗan karkata dama, ta ninka abin da ido ke gani sau da yawa, ga gawo baƙi a ƙasa, bayansa sama ta fara yin ruwan goro. Kyamara tana tara haske na daƙiƙoƙi, ido kuwa ba ya tarawa, bambancin ke nan, ba wai masu hotunan ƙarya suke yi ba. Na yi ta ɗauka, duk bayan minti uku ko huɗu ina rage ISO, daga 1600 zuwa 800 zuwa 400, saboda gari na ƙara wayewa. Tsakanin wata da tauraruwar akwai kamar taƙi guda in ka miƙe hannu. Yaron kawu da abokansa biyu sun hawo tudun suna leƙen allon, ɗaya ya ce a bar shi ya danna, na bar shi. Cikin hoto 41 da muka ɗauka, shida ne suka yi kyau, kuma nasa na cikinsu.

Wanda zai yi irin wannan fita nan gaba, in wata ta zo, ya fara da sanin ƙarfe nawa take fitowa da kuma ta wane gefe, a garinsa, ba a garin wanda ya saka hoto ba. Ya je wurin da rana ya gani da idonsa, ya gaida masu wurin, ya riƙe katinsa a aljihu, kada ya fita shi kaɗai. Ya koyi kyamarar a tsakar gidansa, domin a kan tudu babu lokacin koyo. In waya gare shi mai tsarin dare ko wanda ake saitawa da hannu, ita ma tana yi, muddin an jingine ta da dutse ko buhu an sa mata jinkirin dannawa; ƙanena ya samu ɗan abin nunawa da tasa a ranar ta ƙarshe. Kuma ya sa a ransa cewa a ƙarshen damina fita ɗaya ba ta isa, hadari na iya cinye masa kwana biyu ko uku. Kuɗin da na kashe, haya da mai da intanet da goro da shayin da na riƙa saya wa ƙanena don ya yarda ya tashi, bai kai jika tara ba, kuma da na yi zagayen rana tun farko da na rage kusan rabi.

Bayan kwana biyu ko uku ta nutse cikin hasken rana, ba a ƙara ganinta da asuba ba. Ranar 12 ga Oktoba ta fi kusantar duniya, kilomita miliyan 71 ko kusa da haka, daga nan ta koma fitowa ta yamma bayan magariba, dama da Zara, kuma a kwanakin ta fi sauƙin gani nesa ba kusa ba. Kafofin labarai sun yi ta cewa sai bayan shekara 80,000 za ta dawo, wasu masana kuma suka ce lissafin hanyarta ya nuna mai yiwuwa ta tafi ke nan. Wadda aka san lokacin dawowarta ita ce Halley, da ta zo a 1986 ake kuma jiranta a 2061.

Wata magariba a tsakiyar Oktoba na kama hannun Inna na fito da ita ƙofar gida na nuna mata yamma. Ta daɗe tana kallo, hannu a kan goshi. Ta ce, "Wagga ce ka hana ma kanka kwana saboda ita? Ga ta nan ta zo har gida." Ta yi addu'a ta shafa, ta koma ciki. Hoton da yaron kawu ya danna na wanke shi babba a wajen mai hoton da jika ɗaya, na kai wa mai gari, yana nan rataye a zaurensa kusa da kalanda.